Ranar da Rukayya Ta Taɓa Hanci a Gaban Bappa

Inuwa mai injin niƙa mutum ne da ba ya maimaita magana. A unguwar Kagarawal kowa ya san shagonsa, kowa kuma ya san muryarsa, domin shekarun da ya yi yana magana a kan ƙarar inji sun sa ko gaisuwa zai yi sai ka ɗauka faɗa ne. 'Ya'yansa suna shakkarsa, shi kuwa yana ganin haka ya dace.

Cikin 'ya'yan nan duka, wadda yake tinƙaho da ita ita ce Rukayya, wadda ta shiga ƙaramar sakandare a wata makaranta da ke unguwar Madaki. Yarinya ce da ba ta ɗaga kai a gaban babba. In ana yi mata magana idonta na ƙasa, amsarta ba ta wuce "to". Matan da ke kawo niƙa sukan ce, "Malam Inuwa, wannan kam ka iya tarbiyya." Sai ya ce ai ba haka ta taso ba. Tana ƙarama ta so ta koyi ƙura wa mutane ido, shi ya tsaya a kanta har ta bari.

To, sai ga shi a 'yan kwanakin nan halin ya dawo. Mairamu, uwarta, ita ta fara lura, ta yi shiru da bakinta don ta san mijinta. Abin bai fito fili ba sai ranar wata Juma'a.

Inuwa yana da wa, Ɗantala, uwa ɗaya uba ɗaya. Ɗantala ne ya riƙe shi bayan rasuwar mahaifinsu, shi ya yi masa aure, kuma har yau Inuwa ba ya zama a kujera in Ɗantala yana kan tabarma. Ɗantala kifi banda yake sayarwa a babbar kasuwa. Kana iya taɓa shi ta ko'ina ya yi dariya, amma ban da maganar ƙarnin kifi. Saboda ita ce yake zuba turare kamar mai wanka da shi.

Ranar nan bayan an sauko daga masallaci ya biyo gidan ƙanensa. Aka shimfiɗa masa tabarma a tsakar gida. Rukayya ta kawo ruwa, ta durƙusa ta gaishe shi, ta koma bakin ƙofar madafa ta zauna. Suna cikin hira sai idon Ɗantala ya tsaya a wuri guda. Inuwa ya bi inda yake kallo. Ga Rukayya ta kafe bakin bappanta da ido, ta ɗora yatsa a gefen hanci, ta turo baki gaba, tana wani gunji ƙasa-ƙasa.

Ɗantala ya ajiye kofin ruwan. Ya ce, "Inuwa, wari nake wa 'yarka?"

Inuwa ya kira sunanta da muryar nan tasa. Ta zabura.

"Me kike yi?"

"Aikin makaranta ne, Baba."

"Makaranta ce ta ce ki toshe hanci, ki zumɓura wa yayana baki?"

"Malamar Faransanci ce ta ce mu riƙa..."

Ɗantala ya miƙe yana neman takalminsa. "Bar ta, ai ta faɗi gaskiya. Mu da ba mu yi boko ba, dama wari muke."

"Yaya, zauna. Ga abinci nan zuwa."

"Ku ci abinku, kada in ɓata muku shi."

Inuwa ya bi shi har zaure, kansa ya yi zafi. Ya ce, "Yaya, ta gama. Daga yau ƙafarta ba ta ƙara taka makarantar nan."

Ɗantala bai ce a yi ba, bai ce a bari ba. Ya hau mashin ɗinsa ya tafi.

Da ya dawo ciki Mairamu ta ce, "Malam, da dai ka je ka ji ta bakin malamar."

"Zan je. Amma ba ji zan je yi ba, faɗa zan je yi."

Ranar Litinin da safe ya sa Rukayya a bayan mashin, cikin kayan gida, don ta nuna masa malamar ta kuma kwaso littattafanta. Bai bi ta ofishin shugaban makaranta ba. Ajin ya nufa kai tsaye. A bakin ƙofa suka haɗu da wata gajeriyar mata riƙe da kwalaye masu rubutu. Ita ce Malama Jennifer, mutuniyar Kaltungo, wadda ta yi zama a Kamaru shekaru kafin ta dawo gida koyarwa. Hausarta na fita da ɗan karin harshen Tangale.

Inuwa ya ce, "Ke ce mai koya wa yara rashin kunya?"

Ta dube shi, ta dubi Rukayya da kayan gida. Ta ce, "Ina kwana, Malam. Ni Faransanci nake koyarwa. Mai rashin kunyar bai zo ba yau."

"Na zo cire 'yata."

"'Yarka ce, ba mai hana ka. Amma yanzu lokacin darasina ne, kuma ba a bakin ƙofa ake cire yaro ba. Shigo ka zauna. In na gama ka tafi da ita."

Kafin ya haɗa amsa ta kama hannun Rukayya sun shige. Ba zai yi kokawa da mace a gaban yara ba. Ya shiga ya zauna a wani benci can baya, gwiwoyinsa sun kusa taɓa haɓarsa.

Shi aji biyu ya yi a firamare aka mai da shi gona, amma ya san yadda aji yake: layi-layi, malami a gaban allo, bulala a kan tebur. Wannan ba haka yake ba. An ja bencina an yi da'ira kamar za a ci tuwo. Malamar ba ta tsaya a allo ba, ta tsaya inda hasken taga ke dukan fuskarta, kuma Rukayya ce daidai gabanta. Akwai wata zabiya da aka ajiye a inuwa, an ba ta kwali mai haruffa manya-manya, tana kai shi har kusa da ido. Akwai wani yaro da bai zauna ba tun da aka fara, kuma ba wanda ya ce ya zauna. Malamar tana yi masa magana da Faransanci, shi kuma yana aikatawa: ya buɗe ƙofa, ya rufe, ya yi tafiya, ya yi tsalle, sauran suna faɗin sunan abin da ya yi. Da aka zo kan wani mai in'ina, Inuwa ya shirya jin dariya. Sai yaron ya fara buga benci da tafin hannu, kalma ɗaya bugu ɗaya, maganar ta fito ba ta sarƙe ba.

Can malamar ta ɗora yatsa a gefen hancinta. Ajin gaba ɗaya ya ɗora. Ta yi wani sauti ta hanci, suka yi. Ta turo baki gaba kamar mai fushi da miji, yara sun fi hamsin suka turo nasu. Inuwa ya dube su ɗaya bayan ɗaya. Bai taɓa ganin zumɓura baki mai yawa haka a wuri guda ba, kuma ba wanda ke fushi a cikinsu.

Sai ta tambayi Rukayya wani abu, a hankali, tana buɗe baki sosai. Rukayya ta kafe ta da ido. Ta ba da amsa, doguwa, da murya a sake. Malamar ta ƙara tambaya, ta ƙara amsawa, har da murmushi. Inuwa bai fahimci ko kalma guda ba. Abin da ya fahimta shi ne bai taɓa jin 'yarsa ta haɗa magana mai tsawo haka ba, ko da Hausa.

Aka buga ƙararrawa, yara suka watse. Ya rage su uku.

Inuwa ya ce, "Na ga wasan. To mene ne na toshe hanci?"

"Ba toshewa ba ne, taɓawa ne. Wannan harshen wasu haruffansa ta hanci suke fita. Mai kunne yana jin bambancin. Wanda kunnensa bai kai ba, sai ya taɓa ya ji hancin yana rawa, ya san ya yi daidai. Turo bakin ma harafi ne. In ba ka turo ba, wata kalmar ka faɗa."

"Wa ya ce miki kunnen 'yata bai kai ba? In na kira ta tana amsawa."

"Malam, kai in ka kira ta ai har mutanen garin Deba suna amsawa."

Ta dafa kafaɗar Rukayya, ta juya ta ta fuskanci taga. Ta dawo kusa da Inuwa. Ta ce, "Kira ta. Amma da muryar mutane, ba ta inji ba."

Sai da ya yi gyaran murya kafin ya samo wata ƙaramar murya da ya manta yana da ita. Ya ce, "Rukayya."

Bayan hijabin bai motsa ba.

"Rukayya, juyo mana."

Tana tsaye tana kallon yara a fili. Ya matsa taku guda, ya ce, "Uwata, Babanki ne." Ba ta juyo ba. Ya tsaya yana kallon ƙeyarta. Sai ya tuna sanƙarau ɗin da ya kwantar da ita tana ƙarama, har suka fid da rai. Bayan ta tashi ne ta fara kallon bakin mutane. A lokacin ya ɗauka shagwaɓar jinya ce ta lalata ta.

Ya koma kan bencin ya zauna. Ya ce, "Sauran malaman duk makafi ne?"

"Ba makafi ba ne. Su a allo suke rubutawa, ita kuma ta kwafe, kuma kanta na ja. Hausa ko rabi ta ji tana cike sauran. Ni nawa harshen, abin da aka rubuta daban, abin da ake faɗa daban, ba inda za ta ɓuya. Na ga in na ba su rubutu ta fi kowa, in na yi magana sai ta zama kamar dutse. Rannan na kama ta tana satar kallon bakin ta kusa da ita. Na ce ta ɗago ta kalle ni. Ta ce Baba ya hana."

"To me ya sa kika sa duka ajin suna yi?"

"Da ita kaɗai na sa, da yanzu sun raɗa mata suna. Kuma ashe su ma yana musu amfani. Ka ga dai yaran: wannan ido, wancan baki, wancan ƙafarsa ba ta zama. Littafin guda ne, amma ba ta ƙofa guda yake shiga kowa ba." Ta ajiye kwalayenta a kan tebur. "Ni ma na yi kuskure. Na ce ta riƙa kallon bakin mutane ko'ina ta samu, ban yi tunanin gidan da za ta koma ba. Na ce ta gaya muku ina nemanku, ashe tsoro ya hana ta. Kamata ya yi in tako da ƙafata."

Inuwa ya gaya mata abin da ya faru ranar Juma'a. Da ya zo wajen sana'ar Ɗantala, malamar ta rufe baki da gefen gyalenta, kafaɗunta suna rawa.

"Ba abin dariya ba ne, Malama."

"Na sani. Ka yi haƙuri. Kifi fa ka ce?"

Shi ma sai ya ji dariyar tana neman ƙwace masa, ya haɗiye.

Ta ce ita ba likita ba ce, su kai ta asibiti a duba. Sannan ta ce, "Abu guda kuma, in ba za ka yi fushi ba. Wannan gashin bakin naka ya rufe leɓe. Ko ta kalle ka ba abin da za ta gani."

Inuwa ya shafa gashin bakinsa. Ya miƙe. Godiya ba ta cikin abubuwan da bakinsa ya saba da su, sai da ya yi ta juya hularsa a hannu. Ya ce, "Malama, da faɗa na zo."

"Na gani."

"Ki yafe mini. Yaran mutane ne, ba naki ba, kika tsaya kina bin kowa da irin nasa. Allah ya biya ki. Allah ya raya naki, ya haɗa su da mai yi musu haka."

Ta ce amin. Ta ce, "To gobe zan gan ta?"

To, a nan gizo ke saƙa. Magana ya yi a gaban yayansa, kuma a gidansu ba a yin magana a gaban Ɗantala a juya ta a bayan idonsa. Ya ce, "Sai na ga Yaya."

A hanya ya tsaya wajen mai aski. Da suka shiga gida Mairamu ta kalle shi sau ɗaya ta shige ɗaki da sauri, yana jiyo ta tana dariya a cikin filo. Washegari suka je asibiti. Likita ya ce kunnen hagu ya tafi, na dama saura kaɗan, kuma duk wanda ya koya mata karanta baki ya taimake ta. Mairamu ta yi kuka a nan. Inuwa ya ce kuka ba ya gyara kunne, amma shi ma bai buɗe shago ba ranar.

Kwanakin da suka biyo baya Rukayya tana gida, kayan makarantarta a wanke a goge a kan akwati. Ba ta tambaye shi komai ba. Shi kuwa ya koyi zama a gabanta in zai yi magana, abin da bai taɓa yi wa ɗa ba. Ashe yarinyar surutu ne da ita. Ashe ta san duk wanda ke satar suga a gidan, don daga nesa take karanta bakinsu in suna ƙus-ƙus. In ta fita sai ya ce wa Mairamu, "Matar nan ta Kaltungo, ko me muka yi mata ba mu biya ta ba." Amma zuwa wajen Ɗantala ya yi ta ɗagawa, yau inji ya lalace, gobe niƙa ta yi yawa, har Mairamu ta ce, "Malam, darasi fa yana wuce ta." Ya ce ya sani. Da la'asar ya ce Rukayya ta sa hijabi.

Sun sami Ɗantala a rumfarsa, tsakanin kwalayen kifi, yana korar ƙuda da mafici. Ya amsa gaisuwa a daƙile. Sai ya ƙara duban ƙanensa.

"Kai kuma me ya cinye maka gashin baki? Gara?"

Inuwa ya tsuguna ya faɗi abin da ya gani da abin da likita ya ce. Bai iya jera magana ba, ya fara ta tsakiya ya koma farko. Ɗantala yana ta fifita.

"Wayon 'yan boko ke nan. Yaro ya yi rashin kunya, su ce ciwo ne. Ni na ga yatsa a hanci da idona."

Rukayya tana durƙushe, idonta a bakin bappanta. Ta ce, "Bappa, ka yi haƙuri. Wallahi ba wari ba ne. Bakinka nake karantawa, don kai kana buɗe shi da kyau, ka fi kowa sauƙin ganewa a gidanmu."

Maficin ya tsaya. "Ni?"

"Kai, Bappa. Sa yatsanka a nan ka gani." Ta nuna gefen hancinta. "Ka rufe baki ka ja numfashi da murya, kamar kana tunanin farashi."

Ɗantala ya dubi hagu, ya dubi dama. Ya ɗora yatsa a hanci, ya yi gunjin.

"Ka ji yana rawa?"

"Yana yi kam." Ya sake yi, ya ƙara tsawo.

Daga rumfar da ke kallonsu wani mai barkono ya leƙo. Ya ce, "Alhamdu lillahi. Ɗantala, yau dai kai ma ka ji abin da muke ji shekara da shekaru."

Ɗantala ya fizge yatsansa, ya ɗaga mafici kamar zai jefa. "Kai da ke sa jama'a atishawa tun safe, har kana da bakin magana?" Maƙwabta suka fashe da dariya. Ya yi ƙoƙarin riƙe fuska, ta ƙi riƙuwa.

Da dariyar ta lafa ya kama hannun Inuwa, ya ja shi cikin rumfa, suka ba Rukayya baya. Ya rage murya.

"Tun yaushe?"

"Tun sanƙarau ɗin nan."

"Ni na kai ku asibiti a lokacin." Ya mai da idonsa kan kwalaye. "Duk muna nan, sai baƙuwa ce ta gani."

"Yaya, maganar makarantar. A gabanka na yi ta."

"Ni na sa ka? Kai dai bakinka ya fi hankalinka sauri tun kana yaro."

"A gabanka na yi, shi ya sa na zo."

"To ka janye a gabana, mu huta."

"Na janye."

Ɗantala ya buɗe wani kwali da yake ɓoyewa saboda manyan masu saye, ya zaɓo tarwaɗa masu kauri, ya naɗe a takardar siminti, ya ɗaure da kyau. Ya ce, "Ka kai wa malamar. Ka ce in ji mai kifi. In ta ga dama ta taɓa hanci, na yafe mata."

Suka fito daga kasuwa, Rukayya a bayan mashin rungume da ƙunshin kifi. Sai da suka kama hanyar Kagarawal ta matso kusa da kunnensa.

"Baba, me Bappa ya ce? Kun juya mini baya."

Ya ba ta amsa, iska da ƙarar mashin suka tafi da ita.

"Baba, ban gani ba."

Ya rage gudu. Ya kai hannu ya murɗa madubin dama, ya yi ta gyara shi har ya hango idonta a ciki, ya san ita ma tana ganin bakinsa. Ya buɗe baki sosai, a hankali, yadda ya ga malamar tana yi.

"Gobe ki shirya da wuri. Ni zan kai ki."

Ta ƙanƙame ƙunshin kifin. Ya ga haƙoranta a madubi.

"Kuma ki koya mini yadda ake gaishe ta da yarensu."

"Sai ka turo baki fa, Baba."

"Zan turo."

Wani mai Keke Napep ya danna musu ham daga baya, ya wuce yana masifa. Rukayya ta ce, "Baba, mai da madubin ka ga hanya. Sauran ka faɗa mini a gida."